Yadda ake shirya zagaye ƙasar Ayislan da mota

Ayislan tsibiri ne a can arewacin Tekun Atalantika, faɗinsa murabba'in kilomita 103,000, mutanensa kuwa kimanin 390,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu suna zaune ne a Reykjavik, babban birnin, da kewayensa. Babu jirgin ƙasa a ƙasar, motocin haya na zuwa ƙauyuka kuma ba su da yawa. Wanda yake so ya ga ƙasar da idonsa, sai ya kama sitiyari.

Abin da ya sauƙaƙa tafiyar shi ne hanya guda, mai lamba 1, wadda ta yi wa tsibirin zobe. Tsawonta kimanin kilomita 1,320 ne, wato ta zarce nisan Kano zuwa Legas. A 1974 aka haɗe bakinta biyu, a 2019 kuma aka gama shimfiɗa mata kwalta gaba ɗaya. Idan mutum zai yi ta tuƙi babu tsayawa, awa 16 zuwa 17 sun ishe shi. Wannan lissafin ne yake yaudarar baƙi, su ware kwana biyar, su koma gida ba su ga komai ba sai farin layin titi. A Ayislan iska da hasken rana ne suke yanke maka nisan da za ka yi a yini, taswira shawara kawai take bayarwa. Duk shirin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Mataki na farko: zaɓi wata

Kafin tikiti, kafin biza, fara yanke watan da za ka je, domin shi zai faɗa maka irin motar da za ka ɗauka da inda za ka iya kaiwa.

Daga Yuni zuwa Agusta ne lokacin da ya fi dacewa da baƙo. Hanyoyi a buɗe suke, wuraren kwana suna aiki, rana kuma kusan ba ta faɗuwa: a wajen 21 ga Yuni tana faɗuwa a Reykjavik da tsakar dare, ta sake fitowa wajen ƙarfe uku. Kada kalmar bazara ta ruɗe ka. Ko a Yuli, ma'aunin zafi yakan tsaya ne tsakanin digiri 10 da 15, ga iska, ga yayyafi. Wannan kuma shi ne lokacin tsada da cunkoson baƙi.

Ƙarshen Mayu da farkon Satumba sun fi rangwame. A Satumba dare ya dawo, don haka akwai damar ganin hasken nan mai launin kore da yake rawa a sararin samaniyar arewa, wanda ba a ganinsa a tsakiyar bazara saboda babu duhu. A watan ne kuma manoma suke tattaro tumakinsu daga duwatsu.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, shawarata ita ce wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba ya haƙura da zagayen. A Disamba hasken rana awa huɗu ne da ɗan ɗori, ana rufe sassan hanyar gabas da arewa idan guguwa ta taso, kuma ba a koyon taka burki a kan santsin ƙanƙara da iyali a bayan mota. In dai dole sai lokacin sanyi, ka zauna a Reykjavik ka riƙa bin motocin kamfanonin yawon buɗe ido.

Mataki na biyu: ƙirga kwanaki

Kwana goma a kan hanya shi ne mafi ƙarancin da zan yarda da shi. Kwana 12 zuwa 14 sun fi, idan aljihu zai ɗauka. Lissafin mai sauƙi ne: kada tuƙin yini ya wuce kilomita 250, kuma duk abin da manhajar taswira ta ce awa uku ne, ka rubuta biyar. Za ka tsaya ɗaukar hoto, za ka bi bayan motar da ba ta sauri a hanya mai layi ɗaya kowane ɓangare, za ka kauce daga babbar hanya domin ganin wani abu, sannan yara za su nemi bayan gida.

Ka bar kwana ɗaya ko biyu babu komai a cikinsu. Ranar da aka rufe hanya saboda iska, su ne za su cece ka. Kwanan ƙarshe kuma ka yi shi kusa da filin jirgi, kada ya zamana ranar tashinka kana da kilomita 400 a gabanka.

Yankin arewa maso yamma, wanda ake kira Westfjords, ba ya kan zoben. Yana da kyau ƙwarai, amma hanyoyinsa suna bin kowace kwana ta bakin teku, wasu kuma burji ne. Sai ka ƙara masa kwana uku ko huɗu nasa na kansa, ko ka bar shi sai wani zuwan.

Mataki na uku: kama masauki da mota, sannan biza

Mutane da yawa sukan so su ga biza a hannu kafin su kama komai. Ofishin biza kuwa yana so ya ga inda za ka kwana kowane dare. Mafita ita ce ka kama masaukai da mota irin waɗanda za ka iya sokewa ba tare da asara ba, ka buga takardun, ka haɗa su da tsarin tafiyarka na rana bayan rana.

Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tun 2001. Saboda haka mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan bizar Shengen zai nema. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Dole a haɗa da inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta biya aƙalla Yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi, kuma gara a yi da wuri, domin layin lokacin bazara yana da tsawo. Ayislan ba ta da ofisoshin jakadanci da yawa, a ƙasashe da dama wata ƙasar Shengen ce take karɓar takardu a madadinta. Shafin gwamnatin Ayislan yana da jerin wanda yake wakiltarta a kowace ƙasa, shi za ka fara dubawa.

Babu jirgin da yake tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa can. Za ka sauya jirgi a Turai, ka sauka a filin Keflavik, kimanin kilomita 50 daga Reykjavik. Ka fi son sauyawa a Faris, Amsadam ko Farankfot. Idan ka biyo ta Landan da fasfon Najeriya, Birtaniya tana neman bizarta ta wucewa daban, bizar Shengen ta yawon buɗe ido ba ta wadatar ba.

Game da masauki, wurin da ake wahala shi ne kudu maso gabas, tsakanin Vik da Hofn. Garuruwan ƙanana ne ƙwarai, ɗakuna kaɗan ne, kuma kowa ta nan yake bi. Mai zuwa a Yuli ya fara kama na nan tun watanni kafin tafiya, sauran su biyo baya. Nemi gidajen baƙi masu madafa, za ka ga amfanin hakan idan mun zo kan abinci.

Akwai kuma motar kwana, mai gado da ɗan murhu a ciki. Tana rage kuɗin otal, tana kuma ba ka damar sauya tsari idan yanayi ya juya. Sai dai tun 2015 doka ta hana kwana a cikinta a duk inda aka ga dama, dole a shiga sansanin masu tanti a biya kuɗin dare. Ga mutum biyu matasa dabara ce mai kyau. Ga mai tafiya da mahaifiya ko ƙananan yara, fita zuwa banɗakin sansani cikin iska da tsakar dare ba ƙaramin aiki ba ne.

Mataki na huɗu: mota da inshorarta

A nan ne kuɗi suke zurarewa ba a sani ba, saboda haka a yi haƙuri da tsawon bayani.

Idan zoben kaɗai za ka bi a lokacin bazara, ƙaramar mota ta isa. Mota mai jan taya huɗu tana zama dole ne idan za ka shiga hanyoyin tsakiyar ƙasar, waɗanda lambarsu take farawa da harafin F. Ba a buɗe su sai wajen ƙarshen Yuni, a rufe su a Satumba ko farkon Oktoba, wasu kuma sai ka ratsa kogi babu gada. Shiga su da ƙaramar motar haya ya saɓa wa yarjejeniyar da ka sa wa hannu, kuma yawancin inshora ba ta biyan injin da ya sha ruwa, ko da motar babba ce.

Motoci masu araha da yawa na giyar hannu ne. In otomatik ka saba da ita, ka zaɓe ta tun wajen kamawa. Kamfanoni sukan nemi direba ya kai shekara 20, ya kuma shekara ɗaya da lasisi, wasu suna ƙara shekarun ga manyan motoci. Lasisin da aka rubuta da haruffan boko, mai hoto da lamba, yana aiki. Wanda nasa da Larabci kaɗai yake, ya yi lasisin ƙasa da ƙasa kafin ya taso. Idan mutum biyu za su riƙa karɓa-karɓa, a rubuta sunan na biyun a takarda.

Inshorar da take zuwa da mota ta karo ce, kuma akwai kason da kai za ka biya daga aljihunka. Ayislan tana da ɓarna iri uku da wannan ba ta rufe su ba. Ta farko tsakuwa: motar da ta gifta ka za ta watso dutse ya tsaga gilashin gaba, ko a kan kwalta. Ta biyu yashi da tokar aman wuta: a filayen kudu, tsakanin Vik da Skaftafell, iska takan ɗebo baƙin yashi ta kankare fentin mota. Waɗannan biyun kowace tana da inshorarta da ake saya daban, kuma ni a ganina ta tsakuwa ba abin tsallakewa ba ce. Ta uku ita ce ƙofa. Iska takan fizge ƙofar mota daga hannun mai buɗewa ta karya maɗaurinta, kuma yawancin kamfanoni ba sa yafe wannan. Maganinsa a hannunka yake: ka faka motar tana fuskantar iska, a riƙe ƙofa da hannu biyu, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, yara kuma babba ya buɗe musu daga waje.

Ranar karɓar mota ka zagaye ta da waya ka ɗauki bidiyo, har tayoyi da gilashi da rufi. Ka tambaya ko fetur take sha ko dizal. A gidajen mai na can, koren hannu na fetur ne, baƙi na dizal.

Mataki na biyar: shimfiɗa hanya

Ana iya zagayawa ta kowane ɓangare. Yawanci ta kudu ake farawa. In hasashen yanayi ya nuna arewa ta fi kyau a makon farko, kuma masaukinka yana karɓar sauyi, ba laifi ka juya.

Ranar sauka ka huta a Reykjavik, ka yi cefane. Kashegari ka yi ɗan zagayen da ke kusa: Thingvellir, inda majalisar ƙasar ta fara zama a shekarar 930, kuma inda ƙasa take tsagewa a hankali tsakanin manyan faya-fayan ɓawon duniya biyu, na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, sai Geysir, inda maɓuɓɓugar Strokkur take feso tafasasshen ruwa sama duk bayan mintoci kaɗan, sai mafaɗar ruwa ta Gullfoss.

Daga nan sai kudu. Reykjavik zuwa Vik kimanin kilomita 185 ne, amma yini guda zai tafi, domin a hanya akwai mafaɗar ruwa ta Seljalandsfoss, wadda ake bi ta bayan ruwanta, da Skogafoss, kowace tsayinta kusan mita 60. A saman su dutsen Eyjafjallajokull yake, wanda tokarsa ta tsayar da jiragen saman Turai a Afrilun 2010. Kusa da Vik akwai bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi. A nan sai an yi hattara ta gaske: teku yakan yi lumus, sai wata igiya ta taso ta wuce inda sauran suke tsayawa ta ja mutum, kuma an yi asarar rayuka a wurin ba sau ɗaya ba. Akwai fitilun gargaɗi a mashiga. Kada ka juya wa ruwan baya, kada ka saki hannun yaro.

Vik zuwa Hofn kimanin kilomita 270 ne, kuma ya cancanci kwana biyu. Hanyar tana bin gindin Vatnajokull, dandamalin ƙanƙarar da ya rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar. A Skaftafell ake taka ƙafa, a Jokulsarlon kuma ake ganin gutsattsarin ƙanƙara manya suna yawo a tafki kafin su faɗa teku. Ba a hawa kan ƙanƙarar sai da ɗan jagora da kayan aiki.

Hofn zuwa Egilsstadir kimanin kilomita 250, hanya mai kwane-kwane a bakin teku. Manhajar taswira za ta nuna maka yanke ta hanya mai lamba 939. Burji ce mai gangare, in akwai hazo ko ruwa ka ƙyale ta. Kafin ka bar Egilsstadir ka cika tanki, domin daga nan zuwa tafkin Myvatn, wajen kilomita 165, fili ne fetal. A tsakani ake kaucewa zuwa mafaɗar ruwa ta Dettifoss, ta hanya mai lamba 862 wadda take da kwalta. Myvatn ya cancanci kwana biyu, amma a sayi ragar rufe fuska, ƙananan ƙudajen wurin suna da naci. Masu son ganin manyan kifayen wel sai su leƙa Husavik.

Daf da Akureyri, babban garin arewa, akwai ramin ƙarƙashin dutse na Vadlaheidi da ake biyan kuɗin wucewa. Babu shingen karɓar kuɗi, ta intanet ake biya, in ka manta kuma kamfanin motar zai cire da ƙari. A bazara ana iya bin tsohuwar hanya ta saman dutsen kyauta. Daga Akureyri zuwa Reykjavik kimanin kilomita 390 ne. Ka raba shi biyu, in da sauran kwana ka ratse zuwa zirin Snaefellsnes.

Yankin Reykjanes, inda filin jirgi da wurin wankan Blue Lagoon suke, yana ta aman wuta jefi-jefi tun 2021, har aka kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamban 2023. Ka duba halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin wani abu a wurin.

Mataki na shida: kuɗi, abinci da kaya

Kuɗin ƙasar kurona ne, amma da wuya ka ga ana miƙa takarda. Komai da kati ake biya, har fakin a wuraren yawon buɗe ido. Gidajen mai da yawa a karkara babu ma'aikaci, na'ura ce take neman kati da lambar sirrinsa. Ka tafi da kati biyu na bankuna daban, ka tabbatar suna aiki a waje, ka kuma san iyakar da bankinka ya sa, musamman in na naira ne. Kamfanin mota zai riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina har ka dawo.

Cin abinci a waje sau uku a rana zai cinye kasafin tafiyar. Ka yi cefane a kantunan Bonus, Kronan ko Netto, ka dafa da kanka. Alamar Bonus hoton alade ce, kada ta kore ka, kantin kayan masarufi ne kamar kowane, kuma yana cikin mafi araha. Kifi yana ko'ina, ga ƙwai, dankali, shinkafa, burodi da wani kindirmo mai kauri da suke kira skyr. Sosej ɗin da ake sayarwa cikin burodi a kowane gidan mai, wanda baƙi suke yabawa, akwai naman alade a haɗinsa. Naman halal a Reykjavik ake nemansa, don haka a saya kafin a fita gari. Kada ka ɗauko kilishi, dambun nama ko man shanu daga gida, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Turai. Yaji dai ba zai yi maka nauyi a jaka ba. Ruwan famfo mai sanyi ana shansa a ko'ina, gora kawai za ka riƙe. Na zafi yakan yi warin ƙibiritu a wasu garuruwa, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

Sutura hawa-hawa ake sawa: ta ciki mai riƙe ɗumi, suwaita, sai rigar ruwa mai tare iska. Takalmi mai kauri, hular sanyi, safar hannu. Lema ba ta da amfani a wannan iskar. A bazara ka riƙo abin rufe ido na barci. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu irin na Turai, mai zuwa daga Najeriya ko Ghana ya nemi adafta.

Kusan kowane gari yana da wurin ninƙaya mai ruwan ɗumi. Ƙa'idarsu ita ce a yi wanka da sabulu babu tufa kafin a shiga, maza daban mata daban. Wanda hakan zai dame shi ya tambaya tun a bakin ƙofa ko akwai keɓaɓɓen ɗakin wanka, wurare da dama suna da shi.

Mataki na bakwai: salla

A tsakiyar bazara jan shafaƙi ba ya ɓacewa, Magariba tana kaiwa tsakar dare, alamun Isha da Asuba kuma suna cakuɗewa. Malamai suna da maganganu a kan irin waɗannan ƙasashe, wasu suka ce a ƙaddara da ƙasa mafi kusa da take da dare sosai, wasu suka ce da Makka. Ka zauna da malaminka kafin tafiya ka tsayar da abin da za ka bi, tare da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, kada ka bar wa manhajar waya ta yanke maka. Akwai masallatai a Reykjavik, su ma suna da jadawalinsu. Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata kudu. Agogon ƙasar daidai yake da na Ghana, yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Mataki na takwas: kowace safiya a kan hanya

Kafin ka tayar da mota, duba shafi biyu: vedur.is na hasashen yanayi, da umferdin.is na halin da hanyoyi suke ciki. Saurin iska da mita a daƙiƙa suke auna shi. Mita 20 ya haura kilomita 70 a awa, kuma ya isa ya ture motar kwana daga kan layinta. Gargaɗi mai launin ruwan ɗorawa na nufin a yi hattara, mai ruwan lemo ko ja kuwa ka zauna inda kake. Lambar gaggawa 112 ce, a shafin safetravel.is kuma ana iya barin tsarin tafiya ga masu aikin ceto.

Hannun dama ake tuƙi, kamar a gida. Iyakar gudu 90 ce a kwalta, 80 a burji, 50 a cikin gari, kuma akwai kyamarori. Fitila a kunne take dare da rana, bel kuma wajibi ne har ga na baya. A shataletale mai layi biyu, na layin ciki ne yake da hakkin fita, na waje ya jira shi. Gadoji da yawa, musamman a kudu maso gabas, mota ɗaya suke ɗauka: allon zai ce Einbreið brú, wanda ya riga isowa shi yake wucewa. Malbik endar na nufin kwalta ta ƙare, ka rage gudu kafin tayarka ta taɓa tsakuwa. Lokað na nufin an rufe, kuma ba a gwadawa.

Tumaki suna yawo sake duk bazara. Idan ka ga tunkiya a gefe ɗaya ɗanta a ɗaya gefen, ka taka burki, ɗan zai ruga wajen uwarsa. In tsautsayi ya sa ka buge, a sanar da 'yan sanda. Ba a tsayawa a kan titi domin hoto, sai a inda aka tanada. Sauka daga hanya a taka fili da mota kuwa laifi ne mai tara mai nauyi, domin gansakukar da take rufe duwatsun takan ɗauki shekaru aru-aru kafin ta mayar da sawun taya.

Ranar mayar da mota ka cika tanki a gidan mai na kusa da filin jirgi, ka riƙe rasit, ka je da saura awa uku a tashi. Ka tsaya a duba motar a gabanka, a ba ka takardar da ta nuna an karɓe ta lafiya, ka ajiye ta tare da bidiyon ranar farko har sai kuɗin jinginar sun dawo cikin asusunka.